Karar da Na Yi wa Shugabar Jami'a

Tun muna aji ɗaya matar nan take shiga gabana, kuma ba ta taɓa yi da gangan ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da ta taɓa yi min gori ko sau ɗaya, da na samu abin riƙewa.

A makarantar 'yan mata ta sistocin Katolika muka haɗu, a wani gari kudu da Kano. Babana ma'aikacin jirgin ƙasa ne, Musulmi mai tsantseni, amma ya ce karatun boko a wurin sistoci yake, can ya kai ni. Ita kuwa daga wani ƙauye aka kawo ta, Bahaushiya ce gaba da baya, Kirista, da akwatinta na ƙarfe da takalmin roba. Benci ɗaya aka ba mu. Ni na koya mata rabawa a lissafi, wallahi ni, da tsinke a ƙasa bayan ɗakin kwananmu. Ni na nuna mata yadda ake riƙe cokali mai yatsu. Kafin shekara ta zagayo ta wuce ni a lissafin da na koya mata, kuma duk ranar da aka raba sakamako sai ta zo da murnarta ta ce, "Ai ke ce malamata." In ji kamar in shaƙe ta.

Da muka gama sakandare na zaɓi aure, ba wanda ya matsa min, ina son mutumina. Ita ta shiga gidan sistoci ta ɗaura farin lulluɓi. Na ce a raina shi ke nan, tsere ya ƙare, ta je ta yi ta jan carbinsu. Ashe a lokacin aka fara. Sai in ji ta tafi Turai karatu. Sai in ji ta dawo an ba ta wata sakandaren 'yan mata da ta durƙushe, ta tashe ta tsaye. Sai dakta, sai farfesa, sai shugabar tsangaya, sai mataimakiyar shugaba. Ranar da aka naɗa ta shugabar wata jami'ar Katolika a gida, ina tsugune a sitonmu na birnin Guangzhou a China ina naɗe kwali da salatif. 'Yan ajinmu suka turo hoton ta waya, ga ta cikin jar rigar nan mai faɗin hannu a kan lulluɓinta, manyan limamansu jere a bayanta. Na rubuta "Masha Allah, mun yi murna", na kife wayar, na huce a kan wani bawan Allah da ya zo tambayar kayansa.

Ba wai ni ɗin banza ba ce. Ofishin kago gare ni a unguwar Xiaobei, ni da maigidana muka kafa shi, da Allah ya karɓi ransa na ci gaba da riƙewa. 'Yan Kano, 'yan Maraɗi, 'yan zangon Kumasi, duk ta hannuna kayansu ke tafiya gida, na ruwa da na sama. 'Yan China lawban suke ce min, wato mai wuri. Amma idan kishin ƙawar tawa ya motsa, ba da ofis nake lallashin kaina ba. Cewa nake yi, to, ta yi ta tara digiri, ni dai ina da 'ya, ita kuwa ba ta da ko ɗaya, kuma ba za ta taɓa samu ba. Na san ba magana ce mai kyau ba. Ita ce dai take sa ni barci.

'Yar tawa ita ce ta fari, ita ce auta. Tana ƙarama muka taho da ita, a makarantar 'yan China ta yi karatu, yarensu a bakinta har sai an leƙo a ga wa ke magana. Ni kuwa yaren kasuwa kawai na iya, nihaw sannu, shiyeshiye na gode, meyo babu, sai ya yi tsada, rage. Ita ce bakina, ita ce kunnena, ita ce mai dariya a gidan. Amma 'yar fari ce, ni kuma Bakanuwa ce. Ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake ce mata, in da mutane in ce "yarinyar nan". Ba na yabonta a gaban kowa, ba na jan ta a jiki. Haka uwata ta yi wa yayanmu, haka kakata ta yi, kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ba ƙi ba ne. Abin da ban lissafa ba shi ne, a Kano akwai kaka da gwaggo da inna masu jan yaro gefe su ce masa, kai, rabu da uwarka, kara take yi, ta fi kowa sonka. A hawa na sama a wani dogon bene a Guangzhou babu mai faɗa mata. Abin da take gani kullum shi ne matan China riƙe da hannun 'ya'yansu a jirgin ƙasa na metiro suna gyara musu gashi.

Shekarar da yarinyar nan ta gama sakandare, Sista ta bugo min waya. Wai za ta zo ganin wata jami'a a nan don su ƙulla zumunci da tata, kuma tana son jakunkuna masu tambarin makarantarsu da za a raba wa sababbin ɗalibai. "Hajjaju," ta ce, "an ce ke ce sarauniyar garin, sai ki riƙe ni." Na ji daɗi har cikin raina. Na ce yauwa, yau dai kin shigo gonata, a nan ba a tambayar digiri.

Muka tarbe ta a filin jirgin sama na Baiyun. Ta tsufa kaɗan, ta yi furfura a gefen lulluɓi, amma tafiyar nan tata ta 'yar ƙauye mai sauri tana nan. Ta rungume ni, sannan ta juya ta kama fuskar yarinyar nan da hannu biyu, ta kira sunanta, cikakke, da ƙarfi, a tsakiyar mutane. Ta ce, "Kai, tubarkalla! Dubi idon babanki." Na ga yarinyar ta yi wani irin murmushi da ban san tana da shi ba. Na ce, "Ke, ɗauki akwatin mu tafi, mota na jira."

Shiling muka fara zuwa, garin masu jaka. Akwai wani mai masana'anta da na shekara da shekaru ina kai masa ciniki. Kullum in na je, ruwan shayi yake zuba min a kofin takarda, ina tsaye ina duba ɗinki. Ran nan muna shiga, yarinyar nan ta nuna Sista ta faɗi wata kalma, daga baya na ji wai shugabar jami'a take nufi. Tabɗi! Mutumin nan ya miƙe har yana ture kujera. Ya buɗe wani ɗaki da ban taɓa sanin akwai shi a ginin ba, ga tebur na icce mai sheƙi, ga ƙananan kofunan tangaran. Ya ɗauraye su da ruwan zafi, ya zuba, ya miƙa mata da hannu biyu yana sunkuyar da kai. Ya kira matarsa, ya kira ɗansa, a yi hoto. Ni da na kawo cinikin, ni aka miƙa wa wayar in ɗauka.

Na cika na batse, amma na daure. Da aka zo maganar jaka na karɓe, na juya ɗinkin ciki, na ja zif, na ce wannan fatar ba za ta kai ƙarshen zango ba, a canza. Sista ta ce, "Kin gani ko? Ai shi ya sa na ce sai ke." Yabon ma haushi ya ba ni, don na ga yarinyar nan ba ta ji ba, tana can tana fassara wa mai masana'anta yadda ake shiga jami'a a Najeriya.

Ranar da za a je jami'ar 'yan China, Sista ta ce a ara mata yarinyar, don tafintan da aka ba ta Turancinsa sai a hankali. Suka tafi da safe, suka dawo da la'asar suna dariya kamar tsofaffin ƙawaye. Tun daga ƙofa aka fara ba ni labari. Umma, kin san Sista ita kaɗai ce mace a teburin? Umma, kin san wani farfesa ya so ya raina ta, ta mayar masa a nutse har ya rasa ta cewa? Umma, kin san a makarantarta ta hana a kori yarinya don ta kasa biyan kuɗi sai an kai maganar gabanta? Na ce, "Na sani. Shinkafar tana ƙonewa." Ranar Lahadi kuma yarinyar ta raka Sista wani babban coci na dutse, ta jira ta a waje, suka biya kasuwar busasshen kifi. Ni ina ofis ina auna kwalaye, kowane kwali na ɗora a sikeli sai na ja tsaki.

Ana saura 'yan kwanaki ta koma na yi mata girki a gida, tuwon shinkafa da miyar kuka, da man shanun da nake ɓoyo. Na gayyato wani Alhaji ɗan Kano, tsohon abokin maigidana, da wata Hajiya 'yar zangon Kumasi da muke hawa ɗaya. Aka ci, aka yi santi, aka taɓo zamanin makaranta. Sai Sista ta wanke hannu, ta dube ni ta ce, "Hajiya, ki ba ni 'yar nan. Kan da Allah ya ba ta ya fi ƙarfin fassarar farashin jaka. Ki ba ni ita in sa ta a makaranta, a gabana, ni zan riƙe ta."

To, ku gaya min, me Bahaushiya za ta ce? An roƙe ki 'yarki ta fari, a gaban baƙi, a kan tabarmarki. Ko jaririya ce a goye amsar ɗaya ce. Na yi dariya na ce, "Ai taki ce, Sista. Ki tafi da ita mana, ni me zan yi da ita? Dama ta ishe ni."

Alhaji ya ce, "Allah ya bar zumunci." Hajiyar Kumasi ta ce, "Amin." A gida da nan maganar ta mutu, ko kuwa wata gwaggo ta yi caraf ta ce a'a, ba mu gama da ita ba tukuna, kowa ya yi dariya a wuce wurin. Na waiga ina neman mai yi min wannan caraf ɗin, sai na ga yarinyar nan tsaye a ƙofar kicin da butar shayi a hannu. Ba ta dariya. Ta ajiye butar a hankali ta koma ciki.

Washegari da safe, ina ɗaura ɗankwali, ta tsaya a bayana ta ce, "Umma, zan bi Sista."

Na ce, "Ke da wa kuka yanke?"

"Ke kika ce."

Kalma ɗaya ta rage in faɗa, amma harshena ya ƙi. Sai na bi ta bayan gida. Na ce makarantar Kiristoci ce fa. Ta ce, "Ke ma a can kika yi, kuma Sista ta ce akwai Musulmi da yawa, har wurin sallah gare su." Na ce ba ki san Najeriya ba, wuta ma ba kullum ba. Ta ce za ta saba. Na ce to wa zai riƙa yi min magana da 'yan China? Ta dube ni ta madubi, ta ce, "Akwai masu fassara a kowane hawa na Xiaobei, Umma. In don wannan ne, ba za ki rasa ba." Ta tsaya jim, tana jira. Na ce ta miƙo min mayafina.

Da rana sai ga Sista a ofis ita kaɗai. Ta ture wani kwali ta zauna a kai, shugabar jami'a guda, ta naɗe ƙafa kamar muna bayan ɗakin kwana. Ta ce, "Ƙawata, ni fa Bahaushiya ce. Na san kara. Jiya bakina ya riga hankalina, bai kamata in roƙe ki a gaban mutane ba. Ina son yarinyar nan ta yi karatu, ba zan ɓoye miki ba, amma ba zan ɗauke miki ita a kan maganar kara ba. Ki ce min a'a, in san yadda zan lallashe ta. Akwai jami'o'i a nan ma."

Wallahi da ta zo da girman kai, da na ce a'a. Da ta ce ilimi ya fi kasuwa, da na wanke ta tas na riƙe 'yata. Amma ta zo da tausayi. Ta dube ni da idon nan da take duban ɗaliban da suka kasa biyan kuɗi. Wato ni, a garina, a ofishina, in buɗe baki in ce wa matar nan, don Allah ki bar min, ita kaɗai gare ni, in kin ɗauke ba ni da komai. Ita da aka buɗe wa ɗakin shayi. Ita da komai ta taɓa sai ya zama nata.

Na ce, "Sista, ni ba na magana biyu. Yarinya ɗaya ce za ta gagare ni rabuwa? Ina da kwantena uku a kan ruwa, ba ni da lokacin raino."

Ta ce, "Har yanzu kina nan yadda na san ki." Na ce, "To wa kike so in koma?"

Ni na saya wa yarinyar nan akwati, ni na cika shi, har da abin da ba ta tambaya ba. A Baiyun ta durƙusa ta ce, "Umma, ki yafe min." Na ce, "Allah ya yi albarka. Ki riƙe sallah, kar ki ba mutane kunya." Suka shige, Sista na riƙe da hannunta. Na dawo Xiaobei na buɗe ofis kamar kullum. Hajiyar Kumasi ta leƙo ta ce, "Kai, kina da ƙarfin hali!" Na ce mata hayaƙin mota ne ya shigar min ido.

Yanzu hotuna nake gani. Ga ta a ɗakin karatu, ga ta tana yi wa baƙin jami'a 'yan China tafinta, Sista a gefe tana kallonta kamar ita ta yi naƙudarta. Ranar hutu a gidan sistoci take cin abinci. An ce ita ce ta ɗaya a ajinsu. 'Yan ajinmu na da suna ta turo min saƙo, wai Sista ta iya riƙo, wai yarinya ta yi sa'ar uwa. Sa'ar uwa! Ni da na goya, na yi jinyar ƙyanda, na kai ta makaranta cikin ruwan saman garin nan da ba ya ɗaukewa. Ina amsa musu da "Alhamdu lillahi", ina cizon yatsa.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko, ina ofis, yarinyar nan ta bugo. Muka gaisa, na tambayi karatu, na tambayi abinci. Ta ce, "Umma, jiya na yi wa Sista kuka. Na ce mata ke kika ce na ishe ki." Na gyara zama. Ta ce, "Sai ta zaunar da ni ta yi min bayani. Ta ce kara ce. Ta ce a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna tana sonsa, kuma in aka roƙe shi ba ta hanawa ko zuciyarta za ta tsage. Ta ce tun kuna yara haka kike, abin da kika fi so shi kike fara turewa. Ta ce duk duniya ba ki da kamata."

Na rasa inda zan sa kaina. Gaskiya ta faɗa, kowace kalma. Amma kishi ya taso min. Shekara nawa ina ɗauke da maganar nan a cikina, ita ce abu ɗaya da yake nawa ni kaɗai, shi ma sai da matar nan ta riga ni. Son da nake yi wa 'yata, a bakinta 'yata ta fara jin sa.

"Umma, gaskiya ne?"

Na ce, "Tunda shugabar jami'a ta faɗa, ai haka ne. Wa ya isa ya ja da farfesa?"

Ta ce, "Ba ita na tambaya ba."

Na riƙe wayar. Ina jin numfashinta, ina jin ƙarar salatif daga ofishin maƙwabta. Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Sai na tuna duk abin da na faɗa, kafin magariba ya isa kunnen Sista, ta yi murmushin nan nata ta ce ai na gaya miki.

Na ce, "Ke, ana jirana a sito, motar kaya ta iso."

Ta ce, "To, Umma."

Tana bugowa duk Juma'a har yau, ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi kasuwa. Ba ta sake tambayata ba.